Cinikin biri a sama: abin da taurarin intanet ba sa gaya wa mai hoto a Samaru

Duk ranar da Jami'ar Ahmadu Bello ta yaye ɗalibai, Samaru kan cika da iyalai da suka taho daga nesa, kowane gida da nasa ayarin. Uba da uwa, da kaka, da baffanni da gwaggonni, da yaran da aka ɗauko don su ga jami'a, duk suna so su shiga hoto guda tare da mai digirin, kuma suna so dogon ginin nan na Sanet ya fito a bayansu. Mai hoto yakan yi ta ja da baya har sai bayansa ya bugi motar wani, amma mutum uku na gefe ba su shiga ba. Irin wannan matsi ne yake samun abokin sana'arsa a Sabon Gari idan aka kira shi ɗakin amarya ya ɗauki jere: ɗaki ƙarami, gado da kujeru da kwanuka sun cika shi, babu wurin ja da baya sai bango.

Maganin wannan matsala sananne ne, wato gilashin kyamara mai faɗin gani. Sayensa ne ke da wuya. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da hukuma ke sayarwa a kan kusan naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuma duk wani gilashin kyamara da dala ake shigo da shi. Wanda ke rayuwa a kan hoton biki da na fasfo sai ya tara ribar watanni kafin ya iya sayen guda ɗaya, galibi ma na hannu, daga wani ɗan kasuwa a Legas ko Kano da bai taɓa gani ba. Kafin ya tura kuɗi, abin da yakan yi shi ne ya buɗe waya ya duba taurarin da masu saye suka ba gilashin a Amazon ko AliExpress ko Jumia. Idan ya ga 4.7 cikin 5, sai hankalinsa ya kwanta.

Bai kamata ya kwanta ba. Taurari suna auna farin cikin wanda ya saya ne a makon da kayan suka iso hannunsa, kuma wannan daban yake da ingancin gilashi. A kan gilashi mai faɗin gani kuwa, tazarar da ke tsakanin abubuwan biyu ta fi faɗi fiye da kowane irin gilashi.

Inda aibin yake ɓuya

Ana auna faɗin ganin gilashi da milimita, kuma iya ƙanƙantar lambar, iya faɗin abin da yake kamawa. A kan kyamara mai cikakkiyar sensa, wadda girmanta yake milimita 36 da 24, gilashi mai milimita 50 yana kama kimanin digiri 47 daga kusurwa zuwa kusurwa. Mai 24 yana kama digiri 84, mai 16 kuma kimanin 107. Yawancin kyamarorin da ke hannun masu hoto a Zariya ƙaramar sensa gare su, wadda ke yanke gefen hoton, don haka ana ninka lambar da 1.6 a Canon, da 1.5 a Nikon. Gilashin nan mai milimita 18 zuwa 55 da ake haɗawa da kyamara tun daga kamfani, idan aka buɗe shi iya faɗinsa a kan Canon, daidai yake da milimita 29 kacal. Shi ya sa masu sana'a ke neman mai 10 ko 11.

Tattaro haske daga kusurwa mai faɗi haka a kwantar da shi a kan sensa shimfiɗaɗɗiya aiki ne mai wahala. A kyamarar da ke da madubi a ciki, dole gilashin ya tsaya nesa da sensa don madubin ya sami wurin ɗagawa, kuma sai a 1950 wani injiniyan Faransa, Pierre Angénieux, ya fito da tsarin da ya warware wannan ga kyamarorin hannu. Tsarin yana buƙatar gilasai da yawa a jere cikin bututu ɗaya, sau da yawa fiye da goma, kowanne a zaune daidai a wurinsa. Idan ɗaya ya ɗan goce, gefe guda na hoton zai fito tar, ɗaya gefen kuma dishi-dishi.

Kusan duk aibin irin wannan gilashi a gefe yake taruwa. A can ne bango miƙaƙƙe yake lanƙwashewa kamar cikin randa. A can ne haske yake raguwa har kusurwoyi su yi duhu. A can ne ake ganin wani siririn launi, ja ko shuɗi, yana bin bakin farar riga. Tsakiyar hoto kuwa kusan kowane gilashi na zamani yana fitar da ita da kyau, har mai araha. To, mai sayen da ya ɗauki hoton karensa a tsakiyar fili, ya duba a fuskar waya, ya ga ya yi kyau, ya danna taurari biyar, bai gwada inda matsalar take ba sam. Mai hoton biki kuwa a gefen ne yake tsayar da gwaggon amarya, kuma hoton za a wanke shi babba a rataye a falo shekara da shekaru.

Akwai kuma aibin da ba na gilashi ba ne, amma ana ɗora masa. Kan mutumin da yake tsaye digiri 45 daga tsakiyar hoto yakan fito da ƙarin faɗi na kusan kashi 40 cikin 100, ko da gilashin ya fi kowanne tsada a duniya. Lissafin kusurwa ne kawai, babu kamfanin da zai iya kauce masa muddin yana so layuka su fito a miƙe. A milimita 24 na cikakkiyar sensa, ƙarin faɗin a can bakin hoto kusan kashi 25 ne, a 35 kuma kusan kashi 12. Wanda bai san haka ba sai ya ba gilashi mai kyau tauraro ɗaya don ya ƙara wa matarsa ƙiba. Ke nan taurarin suna iya yin kuskure ta fuska biyu: su yabi marar kyau don ba a duba gefensa ba, su kushe mai kyau don ba a fahimci aikinsa ba.

Su wane ne ke ba da taurarin?

Masu bincike sun daɗe da lura cewa ra'ayoyin masu saye a intanet ba sa rarrabuwa yadda ake zato. A 2009, Nan Hu da Paul Pavlou da Jie Zhang sun nuna cewa a Amazon yawancin kaya suna tara taurari biyar masu ɗimbin yawa, da tauraro ɗaya 'yan kaɗan, tsakiya kuwa kusan fayau. Sun kawo dalilai biyu. Na farko, wanda ya sayi abu dama ya riga ya so shi, shi ya sa ya fitar da kuɗinsa. Na biyu, wanda ya ji daɗi ƙwarai da wanda ya fusata ƙwarai su ne ke damuwa su rubuta, mai matsakaicin ra'ayi kuwa yakan yi shiru ya ci gaba da harkarsa. Sakamakon haka shi ne kusan kowane gilashi da aka sani yana zaune sama da taurari huɗu, kuma ɗan bambancin da ke tsakanin 4.4 da 4.7 ba ya ɗauke da ma'anar da mai saye ke ba shi.

A 2016 kuma wasu malamai uku na Jami'ar Colorado, Bart de Langhe da Philip Fernbach da Donald Lichtenstein, suka ɗauki kaya 1,272 daga rukuni 120, suka gwada taurarinsu na Amazon da makin da ƙungiyar Consumer Reports ta ba su bayan gwaji a ɗakin bincike. Abin da suka samu shi ne, idan aka ɗauki kaya biyu daga rukuni ɗaya, yiwuwar cewa mai taurari mafi yawa shi ne ya fi inganci a gwaji kashi 57 ne cikin 100. Wanda ya rufe ido ya zaɓa yana da kashi 50. Sun kuma lura cewa masu saye sukan fi yabon abin da ya fi tsada da mai sanannen suna, ko da gwaji bai nuna fifikonsa ba.

Duk wannan kafin a zo ga ƙarya ke nan. Kamfanin Amazon da kansa ya ce a 2022 ya toshe ra'ayoyi sama da miliyan 200 da yake zargin na bogi ne, kuma a watan Agustan 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da irin waɗannan ra'ayoyi. Ba a kafa doka a kan abin da ba ya faruwa.

Sai kuma batun da ya fi shafar gilashi mai faɗin gani. Kamfanin Lensrentals na Amurka, wanda ke ba da hayar kayan hoto, ya shahara da gwajin da Roger Cicala ya riƙa yi, inda yake ɗora kwafi kusan goma na gilashi iri ɗaya a kan na'urar awo. Abin da gwaje-gwajen suka nuna a kai a kai shi ne kwafi biyu masu suna ɗaya, daga masana'anta ɗaya, suna iya bambanta, musamman masu faɗin gani da masu zuƙowa. Taurari matsakaicin kwafi dubbai ne. Mai hoto a Sabon Gari kwafi ɗaya zai saya, kuma babu tauraron da ya san tarihin wannan kwafin.

Zariya ba ta cikin lissafin

A ce ma duk masu ba da taurarin ƙwararru ne masu gaskiya, da sauran magana, domin yawancinsu a Amurka da Turai da Japan suke, kuma yanayin aikinsu ba irin na Zariya ba ne.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin komai. Gilashin da bututunsa ke fita da shiga idan ana zuƙowa yana shaƙar iska kamar zugazugin maƙeri, kuma abin da ke cikin iskar yana shiga tare da ita. Idan damina ta kankama a watan Agusta kuma, danshi kan sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashin da aka ajiye a jaka cikin ɗaki marar iska. Wanda ya rubuta ra'ayinsa kwana biyar bayan saye, a garin da ba a san hazo ba, ba shi da abin cewa a kan wannan.

Haske ma haka. Canon mai milimita 10 zuwa 18 da ya fito a 2014 gilashi ne mai sauƙin kuɗi da masu saye ke yabo, kuma sun yi gaskiya idan da rana ne a fili. Amma iyakar buɗewarsa 4.5 ce zuwa 5.6. Tokina mai 11 zuwa 16 yana buɗewa har 2.8, kuma tsakanin 2.8 da 5.6 akwai bambancin haske ninki huɗu. Mai yawon buɗe ido da ke ɗaukar duwatsu ba zai damu da wannan ba. Mai ɗaukar kamu da daddare, a zauren da aka ɗauke wuta ana jiran a tayar da janareta, wannan ne bambancin da ke tsakanin fuskar amarya da inuwarta. A gefe guda kuma, wanda zai ɗauki hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau, rana tsaka, dawaki na tayar da ƙura, abin da zai tambaya shi ne yadda gilashin ke jure rana idan ta faɗo cikin hoton, domin gilashi mai faɗin digiri 100 da wuya ya kauce mata. Lamba ɗaya ba za ta amsa waɗannan tambayoyi uku ba.

Mafi ciwo shi ne batun dacewa. Nikon mai milimita 10 zuwa 20 da ya fito a 2017, wanda ke ɗauke da alamar AF-P, yana da farin jini a wurin masu saye. Amma a kan tsofaffin kyamarori irin D90 da D3100 da D3200 da D7000 ba ya saita gani ko kaɗan, ko da hannu aka murɗa shi, domin wutar kyamara ce ke juya injinsa kuma waɗannan kyamarori ba su san yarensa ba. Irin waɗannan tsofaffin kyamarori kuwa su ne suka cika kasuwar kayan hannu. Haka nan gilashin Canon mai alamar EF-S ba ya hawa kan kyamarar Canon mai cikakkiyar sensa irin 5D ko 6D. Ba'amurken da ya yi wannan kuskure yana da kwana 30 ya mayar a ba shi kuɗinsa. Wanda ya tura kuɗi Ikeja aka saka masa kaya a motar dare, sai dai ya nemi wanda zai saya a hannunsa da faɗuwa.

Abin da taurari suka iya

Za a iya cewa, to, mai hoto a Samaru ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da shagon haya, idan aka raba shi da taurari da me zai dogara? Tambaya ce mai nauyi, kuma gaskiya ne ra'ayin jama'a yana ganin abin da ƙwararre ba ya gani. Ƙwararre yana riƙe gilashi mako biyu ne ya mayar. Idan injin saita gani yana mutuwa bayan shekara biyu, ko bakin roba yana tsagewa, daga bakin masu amfani da yawa kawai za a ji. Haka kuma taurarin da aka ba ɗan kasuwa, a kan ko yana aiko abin da ya nuna kuma a kan lokaci, sun fi na kayan amfani, domin wannan abu ne da kowane mai saye ya cancanci ya yi hukunci a kansa.

Amfanin yana cikin rubutun da ke ƙarƙashin taurarin. Wanda zai saya ya tsallake masu biyar, ya fara da masu biyu da uku, domin a nan ne masu natsuwa ke bayyana abin da ya dame su. Ya nemi ƙorafin da ya maimaitu a bakin mutane daban-daban: mutum ɗaya ya ce gefen hagu ba ya fita, tsautsayi ne, mutum goma suka faɗa, hali ne. Ya duba wace kyamara mai rubutun yake riƙe da ita, da tsawon lokacin da ya yi da gilashin. Ya kuma duba yawan masu ra'ayin, domin 4.9 daga mutum goma sha biyu bai kai 4.4 daga mutum ɗari tara ƙarfi ba. Bayan haka ya nemi cikakkun hotunan gwaji, ya buɗe su a kwamfuta, ya je kai tsaye kusurwoyi huɗu.

Sai an gwada

Duk wannan share fage ne. Hukunci na ƙarshe yana ga kwafin da ke hannu, kuma gwada shi bai fi minti goma sha biyar ba. Mai saye ya tafi da kyamararsa, ya ɗaura gilashin, ya tabbatar yana saita gani. Ya tsaya daidai gaban bangon bulo marar filasta, irin wanda ba a rasa shi a kowane layi, ya ɗauka da gilashin a buɗe iya buɗewarsa, sannan ya rage zuwa 8 ya sake ɗauka. Kusurwoyi huɗun za su ɗan gaza tsakiya, wannan ba laifi ba ne. Abin tsoro shi ne ɗaya ta fi sauran ukun lalacewa, domin alama ce cewa wani gilashi na ciki ya goce, ko daga masana'anta ko daga faɗuwa. Ya cire shi ya haska fitilar waya ta baya yana leƙawa ta gaba: 'yar ƙura kaɗan ba ta hana komai, amma zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, hazo fari kuma zai wanke launin kowane hoto. Ya ɗauki hoto guda rana tana gefe. A ƙarshe ya jera mutum biyar ya ga inda fuska ta fara faɗaɗa, don ya san iyakar da zai riƙa tsayar da mutane, ya bar sauran gefen ga bango da labule.

Ɗan kasuwar da ya ƙi yarda da wannan gwaji, ko ya ƙi ba da kwana biyu ko uku na mayarwa idan daga nesa aka aiko, ya riga ya ba da amsa. Gara a ƙara kuɗin mota zuwa Kano ko Kaduna a gani da ido, da a yi cinikin biri a sama.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A tsakanin Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada akwai masu hoto da suka shekara goma ko ashirin suna aiki da waɗannan gilasai cikin wannan ƙura da wannan rana, kuma akwai masu gyara da suka buɗe cikinsu suka ga abin da ke fara lalacewa. Iliminsu ya fi na baƙo dubu amfani ga mai saye a nan, amma yana warwatse a hirar bakin shago. Da masu sana'ar za su riƙa tara shi a wuri guda, ko da a zauren WhatsApp ne, kowa ya rubuta sunan gilashi, da kyamarar da ya ɗora shi a kai, da shekarun da ya yi da shi, da abin da ya fara ba shi matsala, ya haɗa da hoton bangon bulo guda ɗaya, da sabon shiga ya sami abin dogaro. Ɗaliban aikin jarida da na zane-zane a jami'ar, waɗanda ake koya wa ɗaukar hoto, za su iya riƙe wannan a matsayin aikin zango.

Garin ba baƙo ba ne ga irin wannan tunani. A 1958 ne wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, a kan cewa za a karɓi dabarar da ta zo daga waje amma a auna ta da idon gida. Gilashin daga Japan zai ci gaba da zuwa, taurarin kuma daga Amurka. Amma ɗaurin aure sau ɗaya ake yi, kuma idan kakar ango ta fito dishi-dishi a gefen hoto, mai hoton ne zai tsaya gaban iyalin ya yi bayani.